Yadda Ake Kallon Tsuntsaye Masu Ƙaura a Gaɓar Tekun Sakumono a Watan Maris

Tsakanin Akra da Tema a ƙasar Gana, a kan titin da ya bi bakin teku, akwai tafki mai ruwan gishiri-gishiri da ake kira Sakumo, unguwar da ke gefensa kuma Sakumono. Jama'a suna wuce shi a trotro safe da yamma, amma kaɗan ne suka san cewa wasu daga cikin ƙananan tsuntsayen da ke kiwo a taɓonsa a Saberiya da Girinlan aka ƙyanƙyashe su. Sukan iso ne daga watan Agusta, su yi watanni a nan, sa'annan daga Maris zuwa Mayu su kama hanyar komawa arewa don su yi ƙwai idan ƙanƙara ta narke. Ga mazauna Ashaiman ko Tema ko Nima, zuwa tafkin tafiya ce ta safiya ɗaya. Abin da zan bayyana a nan kuma yana aiki a sauran tafkunan gaɓar Gana guda huɗu da aka sa a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta duniya, mai kare tafkuna da fadamu, tare da Sakumo a 1992, wato Keta da Songor da bakin kogin Densu da Muni-Pomadze kusa da Winneba.

Gaskiya tsuntsayen sun fi yawa daga Satumba zuwa ƙarshen shekara. Duk da haka ni Maris na fi so. A lokacin ne rani ya janye ruwan tafkin ya bar fili na taɓo, a lokacin ne kuma baƙin suke sake gashi, masu launin toka su fara yin ja ko baƙi. Mafi muhimmanci, a lokacin ne suke tara kitsen da zai kai su gida. Wannan ne ya kamata ya tsaya maka a rai tun kafin ka fita: kowane tsuntsu da za ka gani yana haɗa guzuri ne, kuma duk dabarar kallo ta dogara ne a kan ka gan shi da kyau ba tare da ka hana shi ci ba.

Zaɓen rana da sa'a

Kada ka tashi kawai don ka samu sarari. Duba abu biyu tukuna, hasken rana da halin teku.

Rana tana fitowa a Akra da misalin ƙarfe 6 a watan Maris. Ka yi sallar Asuba ka kama hanya, yadda za ka isa gari na wayewa. Daga ƙarfe 6 zuwa 9 ne lokacin aiki. Da hantsi ya yi, zafi yakan tashi daga taɓo da yashi ya sa duk abin da ke nesa ya riƙa rawa a madubi, ba ka iya bambance baki da ƙafa. Idan safiya ba ta samu ba, bayan La'asar ma yana yi.

Teku tana cika sau biyu ta janye sau biyu a yini da kwana, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Idan ta janye, tsuntsayen sukan watsu a kan yashi da duwatsu suna kiwo. Idan ta cika ta rufe musu wurin ci, sai su taru wuri ɗaya su huta, da yawansu a cikin tafkin. Don haka sa'o'i biyu kafin cikar ruwa su ne mafi albarka, domin ruwan da kansa yake koro maka su. Rubuta sunan Tema da jadawalin cikar teku a intanet, za ka samu lokutan kowace rana. Wanda ke bin lissafin watan Musulunci yana da sauƙi a nan: cika mafi ƙarfi da janyewa mafi nisa suna zuwa ne a kwanakin farkon wata da kuma bayan sha huɗu. Ka sani dai cewa ruwan cikin tafkin ba ya bin teku sosai, saboda mashigar da ta haɗa su a ƙarƙashin titi ƙarama ce. Ruwan sama ne ya fi juya shi. Idan an yi babban ruwa kwana ɗaya ko biyu da suka wuce, taɓon zai iya nutsewa, gara ka ɗan jinkirta.

Ranar Talata masunta a yawancin gaɓar Gana ba sa shiga teku bisa al'ada, sai bakin ruwa ya yi tsit. Asabar da Lahadi da yamma kuwa masu shaƙatawa da kiɗa sun cika wurin, ba ranar ka ba ce.

Kayan da za ka ɗauka

Madubin hangen nesa mai ido biyu shi ne babban makami. Nemi wanda aka rubuta 8x42 ko 10x42 a jikinsa. Lamba ta farko ita ce yawan yadda yake kusanto da abu, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Ga sabon shiga 8x42 ya fi, domin filin da yake nunawa ya fi faɗi kuma rawar hannu ba ta dame shi sosai. Guji ƙananan nan masu arha da ake rubuta wa manyan lambobi, ciwon kai kawai suke sawa. Idan ba ka da shi, ka ara, ko ku yi tarayya ku biyu a kan ɗaya.

Daidaita shi tun a gida. Lanƙwasa shi har da'ira biyu su koma ɗaya. Rufe idon dama, juya ƙaramar dabarar tsakiya har rubutun wani allo ya fito tas a idon hagu. Sai ka rufe na hagu, ka juya zoben da ke kan bututun dama har shi ma ya fito. Daga nan dabarar tsakiya kaɗai za ka riƙa taɓawa. Sa'annan ka koyi wannan: idan ka hango tsuntsu, kada ka ɗauke idonka daga kansa, madubin za ka ɗago ya tarar da idon. Mai sunkuyawa ya dubi madubi tukuna, kafin ya ɗago ya ɓatar da wurin.

Sauran kaya ba su da yawa. Littafin rubutu da fensir, domin biro kan ƙi rubutu a takarda mai laima. Ruwan sha, hula, takalmi rufaffe wanda ba ka jin tausayinsa. Tufafi masu launin ƙasa ko toka. Farar riga fes tana sanar da zuwanka tun daga nesa. Don gane sunaye, littafin tsuntsayen Gana na Nik Borrow da Ron Demey shi aka fi amfani da shi, akwai kuma manhajar Merlin da ake saukewa kyauta a waya. Sauke bayanan yankin tun kana gida.

Yadda za ka bi hanyar

Teku tana kudu, tafki yana arewa, titi da layin dogo suna tsakani a kan tudun yashi. Da safe ka sauka ta ɓangaren Tema ka nufi yamma, wajen Sakumono, yadda rana za ta kasance a bayanka. Wannan ƙaramin abu ne da ke raba mai gani da mai lalube: tsuntsun da ke tsakaninka da rana baƙar inuwa ce kawai, wanda rana ta haske kuma har launin ƙafarsa za ka gani. Da yamma sai ka juya tsarin.

Idan ka tarar da masunta ko masu gadi, yi musu sallama ka faɗi abin da ya kawo ka. Tafkin yana da daraja a al'adar mutanen Ga na Tema, suna da lokacin da suke rufe shi ga kamun kifi, kuma Sashen Kula da Namun Daji na Hukumar Gandun Daji ne ke lura da shi a hukumance. Kai baƙo ne a wurin mutane kafin ka zama baƙon tsuntsaye. Kada ka ɗauki hoton kowa sai da izininsa. Ku tafi ku biyu ko uku, ba don hira ba, sai don kuna ɗauke da kaya masu tsada a wurin da babu jama'a da sassafe.

Tafiyar da kanta ba sauri ake yi ba. Yi taku ashirin ko talatin, ka tsaya. Duba da ido tsirara tukuna, daga kusa zuwa nesa. Sai ka ɗaga madubi ka bi gefen ruwa a hankali daga hagu zuwa dama, ka sake dawowa. Sau da yawa abin da ka ɗauka dunƙulen laka ne sai ka ga ya motsa. In ka samu wuri mai kyau, zauna ƙasa ka ba shi rabin sa'a. Mutum a zaune bai cika tsorata su ba, kuma idan ka yi shiru su da kansu za su matso har inda da ƙafarka ba za ka taɓa kaiwa ba. Kilomita biyu a sa'o'i uku ba ƙaramar tafiya ba ce a wannan harka.

Kada ka shiga taɓon. Samansa yakan bushe ya yi kamar zai ɗauke ka, ƙasansa kuma ya haɗiye ƙafa har gwiwa, ga shi ruwan yana karɓar dattin magudanun unguwannin da suka kewaye shi. Tekun nan ma tana da ja mai ƙarfi, ba wurin wanka ba ne ga wanda bai san ta ba.

Nisan da ya dace

A nan ne na fi so ka dakata. Ƙaramin tsuntsun nan da littafi ke kira Sanderling nauyinsa bai wuce giram 50 zuwa 60 ba a yawancin shekara, amma kafin ya tashi yakan yi kusan ninki, kuma kitsen nan shi ne man da zai ƙona a sama. Hanyarsa ta bi gaɓar Afirka ta Yamma, ta Banc d'Arguin a Muritaniya, ta tekun Wadden da ke gaɓar Holan da Jamus da Danmak, har zuwa arewa maso gabashin Girinlan. Can kuma lokacin ɗumi gajere ne ƙwarai. Wanda ya makara ko ya isa a rame, shekarar ta wuce shi ba tare da 'ya'ya ba. Duk lokacin da ka tayar da gungu, sun ƙona abin da suka tara kuma sun rasa mintunan ci. Sau ɗaya ba komai ba ne, amma kafin kai akwai kare, akwai babur, akwai yara, akwai shirwa.

Tsuntsaye suna faɗa maka idan ka matsa da yawa, sai dai ka koyi karantawa. Da farko na gefe za su daina ci su miƙe wuya. Daga nan su fara takawa suna nisantar ka. Sai wani ya yi kuka, wasu su buɗe fiffike. Tun a alama ta farko ka tsaya cak. Idan sun koma kiwo, nan ne iyakarka, zauna. Idan ba su koma ba, ja da baya. Kada ka nufe su kai tsaye, bi ta gefe kamar wucewa za ka yi. Kada ka tsaya a ƙololuwar tudu inda siffarka za ta fito a sararin sama. Kada kuma ka tafa ko ka yi jifa don ka samu hoton tashinsu. Ban ga hoton da ya kai wannan farashi ba. Gungun da ke barci a lokacin cikar teku shi ya fi buƙatar a ƙyale shi, domin ba shi da wani wurin zuwa sai ruwa ya janye.

Ka riƙa duba ƙasa kuma. Wasu tsuntsayen gida suna zuba ƙwai ne a kan busasshiyar laka ba tare da wata sheƙa ta kirki ba. Idan tsuntsu yana zagaya kanka yana ihu, ko yana jan fiffike a ƙasa tamkar ya karye, to kana kusa da ƙwansa ko 'ya'yansa. Koma ta inda ka fito.

Gane wanda kake kallo

Sabon shiga yakan fara da launi, alhali yawancin masu kiwo a taɓo toka-toka ne a sama, fari a ƙasa. Fara da girma: ya kai tattabara ko bai kai ba? Sai baki: gajere ne ko dogo, miƙaƙƙe ne ko ya lanƙwasa, sama ko ƙasa? Sai tsawon ƙafa da launinta. Sai yadda yake ci. Launin gashi shi ne na ƙarshe. Rubuta waɗannan kafin ka buɗe littafi, domin da zarar ka ga hoto, ido zai fara ganin abin da babu.

Soma da na gida waɗanda ka riga ka sani, su zame maka ma'auni: balbela, zalɓe, kirinjijiya a gefen ruwa. Akwai wani baƙin zalɓe ƙarami, Black Heron, da Sakumo ta yi suna da shi. Yakan jefa fikafikansa gaba ya rufe kansa ya yi wa ruwa inuwa, sai ya cafke kifin da ke ƙarƙashi. Akwai kuma mai dogayen jajayen ƙafafu siriri, baƙi da fari, Black-winged Stilt, wanda ba ya ɓoyuwa.

Daga cikin baƙi, shida sun ishe ka a fita ta farko. Sanderling yana ɓangaren teku, fari-fari, yana bin igiyar ruwa da gudu idan ta koma, yana tsere mata idan ta dawo. Whimbrel babba ne, launin ƙasa, bakinsa dogo ya lanƙwasa ƙasa, da ratsi a ka. Ƙaguwa yake farauta, kuma kukansa fito ne mai sauri a jere, wajen sau bakwai. Da yawa daga cikin masu zuwa Afirka ta Yamma a Aisilan suke haihuwa. Greenshank dogo ne mai ƙafafu kore-kore, bakinsa ya ɗan ɗaga sama, idan ya tashi sai ya yi kuka sau uku da ƙarfi ya tada kowa. Common Sandpiper ƙarami ne mai kaɗa gindi sama da ƙasa ba hutawa, yawanci shi kaɗai. Grey Plover yana da gajeren baki mai kauri da babban ido, yana gudu ya tsaya ya tsinta, kuma idan ya tashi za ka ga baƙi a hammatarsa, alamar da ba ta kuskure. Na shida shi ne Curlew Sandpiper, ɗan Saberiya, mai baki siriri da ya ɗan sunkuya. Shi ne zai nuna maka cewa lokacin tafiya ya yi: a cikin gungu ɗaya za ka ga wani toka zalla, wani da ɗigo-ɗigon ja a ƙirji, kuma zuwa Afrilu wani ya yi ja kamar bulo. Waɗanda suka ƙi sake launi galibi 'yan shekara ɗaya ne, da yawansu ba za su tafi bana ba, a nan za su yi damina.

Sa'annan ka juya wajen teku don dangin Tern, farare masu dogon fiffike da ke faɗawa ruwa daga sama. Baki za ka duba. Sandwich Tern bakinsa baƙi ne da ɗan rawaya a tsini, Royal Tern, wanda yanzu ake kira West African Crested Tern, babba ne mai baki ruwan lemo, Black Tern kuma ƙarami ne da jikinsa ke komawa baƙi a wannan lokaci. Waɗannan tsuntsaye suna da tarihi a nan. A da yara a garuruwan masunta suna kama su da tarko da ɗan kifi, har abin ya taɓa yawan Roseate Tern a Turai. Wannan ne ya sa aka fara shirin ceton tsuntsayen gaɓar teku a Gana a 1985, wanda Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu ta jagoranta, kuma ƙidayar da aka yi a shirin ta taimaka wajen samar wa tafkunan nan kariya.

Wanda ya taso a yankin Haɗeja da Nguru ko bakin tafkin Cadi ba zai ji baƙunci ba. Fadamun can ma masaukin baƙi ne daga Turai da Asiya, kuma wasu irin da zai gani a Sakumo ya riga ya san su a ido tun yana yaro.

Idan wani ya gagare ka, rubuta siffarsa ka bar shi ba suna. Har ƙwararru suna yin haka.

Ƙirga, zobba da rubutu

A saman shafi rubuta kwanan wata, lokacin farawa da gamawa, halin teku da yanayin gari. Ƙaramin gungu ka ƙirga ɗaya-ɗaya. Babba kuma ka ƙirga goma, ka riƙe girman wannan goman a ido, ka riƙa aza shi a kan sauran. Yi sau biyu ka ɗauki tsakiya.

Duba ƙafafu da kyau. Masu bincike suna sa wa wasu tsuntsaye zobba masu launi, wani lokaci da 'yar tuta mai haruffa, kuma kowane haɗin launi na tsuntsu ɗaya ne tak. An daɗe ana wannan aiki a kan Sanderling a gaɓar Esiama da ke yammacin Gana, kuma ta haka aka gano wani da aka gani a Nowe, kafin kwana biyar ya cika aka sake ganinsa a Gana, tafiyar kilomita 6,000. Idan ka ga mai zobe, rubuta ƙafar hagu ta tsuntsun tukuna sa'annan dama, daga sama zuwa ƙasa, ka nuna wanne ke saman gwiwa, wanne ke ƙasanta. Ɗora kyamarar waya a kan idon madubi ka ɗauki hoto, ko da bai fito sosai ba. Ƙungiyar Ghana Wildlife Society da ke Akra za ta iya nuna maka inda za ka aika bayanin, kuma sau da yawa akan dawo wa mai rahoto da tarihin tsuntsun: inda aka sa masa zoben da wuraren da aka gan shi.

Da ka koma gida, goge gishirin da iska ta watsa wa madubin da ƙyalle mai laushi da ɗan ruwa mai tsabta, bayan ka hure yashin, don kada ya karce gilashi. Sai ka shigar da jerinka a eBird, shafin intanet da masu kallon tsuntsaye ke ajiye ƙidayarsu, abin da ka tabbatar kaɗai. Ga Sakumo wannan yana da amfani na musamman, domin gine-gine sun ci wani babban ɓangare na filin da aka keɓe mai hekta 1,364, kuma masu neman a kare abin da ya rage suna buƙatar lambobi na shekara da shekara. Ka sake komawa bayan mako biyu, a irin lokacin teku ɗaya, ka bi hanya ɗaya, ka kwatanta shafukan biyu: waɗanne suka ragu, waɗanne suka yi ja, waɗanne suka ɓace gaba ɗaya. Idan ido ya saba da shidan nan, tafkunan gishiri na bakin kogin Densu a yammacin Akra su ne mataki na gaba, amma ka nemi izinin shiga kafin ka je.